Abin da Inna Ba Ta Faɗa wa Dayari Ba

Da sunan Allah na ɗauki biro yau, bayan na shafe kusan wata biyu ina zagaye wannan babi. Babin makaranta cikin kwana uku na rubuta shi, na aikin gwamnati cikin mako guda, amma wannan duk lokacin da na zauna masa sai in tuno wani abin da wai ya fi shi gaggawa. Yau uzuri ya ƙare. Ku 'ya'yana da jikokina kun tashi kuna jin maganganu iri-iri a kan mutuwar auren Luba, babbar 'yata, da Bashiru na Kebbe. Wasu sun ce Bashiru ne ya gaji ya sallame ta da jaririya a hannu. Wasu sun ɗora wa Goggo Ige, suka ce tsohuwa ce mai baki da ta shigo gidan suna ta rushe gida. Goggo Ige ta koma ga Allah ana ƙunƙuni da sunanta, Bashiru kuwa har gobe akwai matan da ba sa amsa gaisuwarsa a Tambuwal. Su biyun ba su da laifin komai. Laifina ne, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga gare ni tun ina da sauran hankalin faɗa.

Sai kun fara sanin yadda muka zauna da Inna, mahaifiyata, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Ni ne ɗan farinta, shi ya sa ake ce mini Dikko. Ku da kuka tashi kuna hawa cinyar uwayenku kuna kiransu Mama ba za ku gane alkunyar mutanen da ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba. In tana son a kira ni sai ta ce a kira "wancan", da na fara aiki kuma na koma "mai ofis". Ko a gaban Kulu, matata, da suka yi shekara talatin a gida ɗaya, ba ta taɓa yin maganar da za ta nuna ita ta haife ni ba. In aka taɓo zancen ƙuruciyata sai ta tashi ta ce tana jin ƙaurin tuwo. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Ranar da na yi haɗarin babur a hanyar Jabo, kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba, amma da aka dawo da ni gida ƙanena Ladan ta aiko ya duba ni, ita tana bayan ɗaki tana tsintar wake. Na saba da hakan tun ina yaro, har nake jin daɗin abin, don na san a cikin 'ya'yanta bakwai ni kaɗai ake wa wannan nauyi.

Mahaifinmu malami ne mai karantarwa a zaure, amma ni ya sa ni boko. Na fito daidai lokacin da aka ba mu jiharmu, kuɗin mai suna yawo, ana neman duk wanda ya iya rubuta wasiƙa. Aka ɗauke ni a ƙaramar hukuma, ofishin ajiye fayil, kuma a nan na tsufa. Aikin ya shiga jinina fiye da kima. Na zama mutumin da in ka gaya masa magana sai ya tambaye ka ina takarda. A wurina abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Wata shekara wani babban ma'aikaci ya zo rangadi daga Sakkwato, ya zaro wani ɗan abu daga aljihun gaba, baƙi, yana buɗewa kamar ƙaramin littafi. Sama gilashi, ƙasa 'yan maɓallai. Dayari ne mai batir, ana rubuta sunaye da ranaku a ciki, in ka danna harafin farko sai ya fito maka da abin da ka ajiye. Ya nemi sunan wani hakimi, kafin in miƙe in nufi kabad ya riga ya karanto shi. Tun daga ranar abin ya zauna mini a rai. Ban gaya wa kowa ba, amma na yi shekaru ina ganinsa a ido, ni ma ina zaro shi daga aljihu a gaban mutane.

Inna ita ma tana da nata ofishin, sai dai a kai yake. Ita ce mai riƙe da lissafin nono na danginmu duka, daga Tambuwal zuwa Jabo har Kebbe, garinsu. Kun san hukuncin: duk matar da ta shayar da jariri ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu kamar yadda ya haramta da jini. A zamaninmu kuwa shayar da ɗan wata ba abin mamaki ba ne. Uwa ta kwanta ciwo, maƙwabciya ta ɗauka. Uwa ta rasu a jego, 'yar'uwarta ta ɗauka. Sannan a shekarun da kuɗi suka yi yawa kujerar Makka ta yi sauƙi, mata da dama suka tafi suka bar jarirai a hannun dangi wata guda ko fiye, nono ya cakuɗe a gidaje ba iyaka. Babu wanda ya rubuta ko ɗaya. Inna ce ta riƙe. Ba a kai goron tambaya a danginmu sai an turo mace ta zauna gefen tabarmarta ta faɗi sunan yaro da na yarinya. Sai ta lumshe ido, can ta ce a yi, ko ta ce kul, wance ta ba su nono su biyu shekarar da rijiyar bayan gari ta rufta. Kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Shekarar da na yi ritaya Ladan ya ce zai yi mini kyauta. Shi ne na biyar a ɗakinmu, falken shanu, yana zaune a Kebbe yana kai dabbobi kudu. Allah ya buɗa masa, kuma bai taɓa mance cewa ni na ɗauki nauyin karatunsa da ya ƙi yi ba. Muka shiga motar haya zuwa Sakkwato, ya kai ni wani shago ya sa aka fito da wayar shafa, irin wadda a lokacin ta fara shigowa hannun manya. Ina da ƙaramar wayata ta kira, ban ga abin da zan yi da wannan ba. Ina juya ta a hannu sai idona ya faɗa ƙasan akwatin gilashi, can kusurwa, na ga dayari mai batir a cikin kwalinsa da rana ta kodar. Sai na ji kamar na ga tsohon aboki.

Mai shagon da kansa ya ce, "Alhaji, wanga ya daɗe nan, ba mai tambaya tai. Duk abin da shika yi, wayag ga na yin shi, har ta ɗauki hoto, ta ɗauki murya."

Ladan ya ce, "Yaya, ka ji. Ɗauki waya. Wancan zamaninai ya wuce."

Na ce, "Kebbe akwai sabis? Tambuwal wuta na kai kwana ukku ba ta zo ba. Wanga batir guda na kai shi shekara. Kuma ba shi kiran mutum cikin salla, sai ka tambaye shi shika magana."

Hujjojina duka gaskiya ne, shi ya sa na daɗe ina ɓuya a bayansu. Amma gaskiyar da ta fi su ita ce ina son in zama wancan babban ma'aikaci, ko da bayan shekara ashirin ne, ko da ba sauran ofis. Ladan ya yi dariya ya ce tun da ni na ƙi, shi zai saya wa kansa wayar. Muka dawo, kowa da nasa a aljihu.

Da yamma na shiga na gaida Inna daga bakin ƙofa kamar kullum, na ba Kulu ta miƙa mata ta sa albarka. Ta juya shi, ta buɗe, ta kara a kunne.

Ta ce, "Kulu, wanga abu shina jin magana?"

Kulu ta ce, "A'a Inna, sai an rubuta mishi."

Ta ce, "To kurma yas sawo ke nan." Ta miƙo shi. "Allah shi sa alheri."

Matan gida suka yi ta dariya, sunan kuma ya bi shi, kowa ya riƙa ce masa kurman mai ofis. Na ji haushi, na haɗiye. Amma bayan kwana biyu ita da kanta ta aiko Kulu. Ta ce ƙafafunta sun fara kumbura, ta san abin da hakan ke nufi, in kurman nan yana riƙe magana to a zo a zuba masa abin da ke kanta. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Uwata da ba ta taɓa neman komai a wurina kai tsaye ba, yau tana neman aikina, aikin fayil da 'yan'uwana ke yi wa dariya.

Muka fara bayan an kai gero rumbu. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofarta, ita tana ciki ta ba ni gefe, Kulu a tsakani tana tsinke zogale. Inna ba ta magana da ni, da Kulu take yi, ni kuma ina dannawa. Na tsara abin yadda muke tsara fayil: sunan mai shayarwa a sama, sunayen waɗanda ta shayar a ƙasa. Ita kuwa ba haka take bayarwa ba. Kowane suna da labarinsa, wace ce ta kwanta, wane ruwa aka yi, wa ya zo da jariri a kan jaki cikin zane. Gilashin dayari layi uku yake ɗauka, don haka nakan katse ta.

Nakan ce, "Kulu, ce mata sunan kawai nika so."

Sai ta yanke labarin, ta faɗi sunan. A hankali ta daina labarin, ta koma jero sunaye kamar mai kiran rajista. A lokacin na ɗauka na koya mata tsari ne. Yanzu in na tuna yawan abin da na datse da bakina, sai in ji kunyar kaina. Muka bi gidajen Tambuwal, muka bi na Jabo, muka shiga Kebbe. Da muka iso gidan Hajo, ƙawarta ta ƙuruciya wadda katanga ɗaya ta raba gidan iyayensu, sai Inna ta tsaya. Hajo ta riga ta rasu da daɗewa. Na rubuta sunanta a sama, na jira. Inna ta ce magariba ta gabato, a tashi. Washegari ta tsallake zuwa wani gida, ni kuma da na ga babu komai a ƙarƙashin Hajo na ɗauka ba ta shayar da kowa ba, na bar wurin fayau.

Ranar kasuwa Ladan ya zo da wayarsa. Shi yana wasa da Inna yadda ni ban isa ba. Ya zauna har kan gadonta ya ce ta yi magana, ta ce me za ta ce, ya danna, sai ga muryarta ta fito daga waya tana cewa me za ta ce. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya har da hawaye. Ta sa ya maimaita sau uku. Sannan ta tambaye shi ko sai da mutum a wurin abin ke ji. Ya ce a'a, in an danna an ajiye, ko ɗaki ba kowa yana ɗauka. Na ga ta ƙura wa wayar ido, ban kawo komai a raina ba.

Da la'asar ta yi na shimfiɗa tabarmata, Ladan na nan bai tafi ba.

Inna ta ce, "Kulu, ce mishi shi aje kurman nan shi fita, ke ma ki fita. Akwai saura, ni da kurman za mu yi."

Na yi dariya na ce, "Ai ba shi ji, ke kinka sa mishi suna."

Ta ce, "To na Ladan fa?"

Ladan ya ce, "Sai in bar mata ita kwana biyu, Yaya. In nuna ma Kulu inda aka dannawa. Jibi nika lodin shanu, sai in biyo in amsa."

Nan ne wurin. In kuna neman inda auren Luba ya mutu, ba a gidan suna ba ne, a bakin ƙofar nan ne, shekara biyu kafin a ɗaura shi. Na ji kamar an ce aikina na wata guda bai isa ba, sai an kawo wayar da na ƙi a shago ta ƙarasa. Na tuno maganar mai shago, na ji kurman mai ofis a kunnena. Raina ya ɓaci.

Na ce, "An gama. Gida-gida munka bi, ba wanda munka bari. Murya iska ta, yau tana nan gobe ta goge. In akwai saura a faɗi in rubuta, ga ni zaune."

Ladan ƙanena ne, bai iya ja da ni ba. Ya mayar da wayarsa aljihu. Inna ta ci gaba da jan carbinta, ina jin ƙararsa.

Can ta ce, "To. Allah shi kai mu ka komo, Ladan."

Ya tafi kudu da shanu. Kasuwa ta yi masa nauyi, ya yi mako biyar. Kwana tara kafin ya dawo Inna ta rasu, ranar Talata da hantsi, tana zaune an kawo mata kunu. Na yi kuka irin wanda ban san ina da shi ba. Amma ko a cikin kukan akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa alhamdu lillahi, na ceci abin da ke kanta, yana aljihuna. A zaman makoki ma sai da na nuna wa mutane.

Daga nan na zama Inna. Aka koma turo mini tambaya, ni kuma in zaro dayari daga aljihun gaba, in buɗe a hankali yadda kowa zai gani. Sau biyu na hana aure, kuma da aka bincika aka tarar daidai ne. Sunana ya fita har Jabo. Sai ga Bashiru, autan marigayiya Hajo, malamin asibiti a Kebbe, yana neman Luba. Ta gama karatun koyarwa, sun haɗu a bikin wata 'yar Ladan, kuma ita ta fara gaya wa uwarta tana son sa. Yaro ne mai natsuwa, ban ga abin ƙi ba. Ranar da manyansa suka zo, wani kawunsa dattijo ya ce tun da Inna da Hajo sun yi zama na ƙut da ƙut, ya kamata a tambayi tsofaffin matan Kebbe kafin a sa rana. Na zaro dayari, na danna sunan Hajo, na juya gilashin na nuna masa.

Na ce, "Ga ta nan. Ba kowa ƙarƙashinta. Daga bakin Inna na ɗauka."

Ya ce, "To tun da daga bakinta na, magana ta ƙare."

Kulu ta tuna mini a cikin gida cewa Inna ta ce akwai saura. Na ce mata tsufa ne, mutum in ya tsufa kullum gani yake akwai saura. Ta ƙyale ni, don ta san halina. Aka ɗaura aure, aka kai amarya Kebbe a kan wannan hanya mai karya baya. Shekara ɗaya da rabi suka yi, kuma ban taɓa ganin 'yata cikin walwala irin ta lokacin ba. Takan zo gida tana ba uwarta labarin yadda yake wanke mata hannu da ruwan ɗumi in ta yi aikin barkono, su yi ta dariya. Da ciki ya tsufa aka dawo da ita Tambuwal haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Ta haifi mace, aka ce za a sa mata Safiya, sunan Inna.

Ranar suna da hantsi motar Kebbe ta iso da mata. A cikinsu akwai Goggo Ige, yayar Hajo, makauniya, wadda ta yi shekaru a ruga wurin 'yarta can bayan Kebbe inda ko babur ba ya shiga da damina. Ba ta zo ɗaurin aure ba, abin da ta ji kawai shi ne auta ya auri 'yar Tambuwal. Aka zaunar da ita, aka ɗora mata jaririya a cinya. Kulu ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Tsohuwa ta shafa kan yarinya tana murmushi, ta tambayi sunanta.

Ta ce, "Safiya? Wace Safiya anka yi ma takwara?"

Aka ce Safiya ta Kebbe, wadda ta yi aure gidan malamai.

Ta ce, "Mai jegon ɗiyar wa ta cikin ɗiyanta?"

Aka ce 'yar Dikko ce.

Kulu ta ce hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan yarinyar. Ta yi salati sau uku. Ta ce a kira mata ni. Na shigo cikin mata da babbar rigata, ban san komai ba, na durƙusa na gaishe ta. Ta laluba ta kama hannuna.

Ta ce, "Dikko, kai na? Ni na ɗauke ka da hannun nan na tsallaka katanga da kai. Uwarka nono yak kumbura mata kwana shidda da haihuwarka, har anka kira wanzami. Kwana arba'in Hajo tana ba ka, kai dama, ɗanta na fari da yar rasu hagu. Bashiru ƙanenka na. Wa ad ɗaura wanga aure?"

Ban san yadda na fita daga cikin matan ba. Na tsinci kaina a zaure na zaro dayari ina danna sunan Hajo, kamar in na sake dubawa zai ce wani abu. Wurin yana nan fayau yadda na bar shi. Sai a lokacin na ji muryar Inna tana cewa a ajiye a fita. Ashe sauran da take nufi ni ne. Ba za ta iya faɗa mini ba, ba za ta iya faɗa wa matata ba, don faɗin yana nufin ta ambaci haihuwata da jikinta a gaban mutum. Ta nemi abin da ba shi da ido ta gaya masa, ni kuma na hana.

Ba a yanke hukunci da maganar mace ɗaya ba. Ni da Ladan da Bashiru muka tafi Kebbe, muka sami matar wanzamin da ya yi wa Inna aiki, tana da rai, ta faɗi daidai abin da Goggo Ige ta faɗa ba tare da an haɗa su ba. Wata tsohuwa ta uku ta ce ai a zamaninsu duk unguwa an sani, mutuwa ce ta kwashe masu sanin. Da na bari an yi tambayar da dattijon nan ya nema, rana ɗaya ta isa. Malamai suka zauna, har da ƙanen mahaifina. Suka ce babu zunubi a kan yaran tun da ba su sani ba, yarinya 'yar halak ce ta ubanta, amma zama ya ƙare daga ranar, kuma babu komawa auren har abada. A hanyar dawowa, da muka zo rabuwa, Bashiru ya juyo gare ni.

Ya ce, "Yanzu mi zan riƙa ce maka? Baba, ko Yaya?"

Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske yake tambaya, idonsa jawur. Har yau ban ba shi amsa ba.

Luba ba ta koma Kebbe ba, kayanta aka kwaso mata. Manya suka ga gara a rufe maganar don kada a riƙa nuna yarinya da baki, ni kuma na yarda da sauri, don rufin ya fi amfanata fiye da kowa. Shi ya sa gari ya cike gurbin da nasa labarin, aka ci naman Bashiru, aka ci na Goggo Ige, ina ji ina shiru. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni, don shi da sanina na yi. Luba ta rame har sai da uwarta ta tsorata. Bashiru yakan zo duk wata ya ga 'yarsa a zaure, Luba ta turo ta da wata, ita ta shige ƙuryar ɗaki har sai ta ji tashin babur ɗinsa. Ta yi shekara shida kafin ta yarda ta sake aure. Safiya, ke kika tambaye ni kina 'yar shekara biyar me ya sa babanki ba ya shiga cikin gida, na ce miki sauri yake yi. Ƙarya na yi miki. Ubanki bai saki uwarki ba, kuma bai taɓa sauri ya bar ki ba.

Ladan bai taɓa ce mini ga abin da ya faɗa ba. Abin da ya yi kawai, wata rana ya miƙo mini wayarsa ya ce in saurara. Ya adana ɗan abin da ya ɗauka ranar kasuwar nan, yana ta kwashe shi daga waya zuwa waya. Muryar Inna ce tana cewa me za ta ce, sai dariyarta. Bai fi numfashi biyu ba. Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarta a duniya, kuma ba a hannuna ya tsira ba.

Luba ba ta taɓa ɗaga mini murya a kan wannan magana ba, ko sau ɗaya. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Sai bara, ta zo gaishe ni ta tarar ina canza wa dayari batir, don har yanzu ina riƙe da shi, sauran abin da Inna ta faɗa yana ciki kuma gaskiya ne. Ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Baba, ka sa sunanka?"

Na ce, "Ina?"

Ta ce, "Ƙarƙashin Hajo. Kada wani shi duba bayanka shi iske ba kowa."

Shekara goma sha ɗaya, ni mai fayil, ban cike wurin ba. Na buɗe a gabanta, na nemo Hajo. Haruffa biyar ne, amma sai da na goge sau biyu. Ta leƙa ta karanta, ta gyaɗa kai, ta ɗauki mayafinta ta ce a gaida Inna Kulu in ta tashi daga barci.

Allah ya jiƙan Inna da Hajo da Goggo Ige, ya ba Bashiru da Luba ladan haƙurin da ni na jawo musu. Duk wanda ya gaji dayarin nan a cikinku, in ya danna Hajo zai ga suna ɗaya. Nawa ne.